Kana Son Zama Likitan 'Yan Wasa? Ga Yadda Za Ka Bi Hanyar Daga Kaduna

Ƙannenmu likitoci da suka gama makaranta kwanan nan suna yawan tambaya, wai wace takarda mutum zai nema in yana so ya zama likitan kulob, ko ya riƙa bin tawagar jiha zuwa gasa. Tambaya ce mai kyau wallahi, don garin nan garin wasa ne, ga filin Ahmadu Bello da ya karɓi wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, ga Murtala Square, ga 'yan folo, ga yaran da ke taka leda a kowace unguwa tun daga Tudun Wada har Kawo, amma likitocin da suka san wannan fannin da gaske ba su taka kara sun karya ba.

Farko dai babu tsallake. Sai ka gama MBBS, wato digirin likitanci, ka yi haus job ɗinka, wato aikin horo na shekara ɗaya a asibiti, ka samu cikakkiyar rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ka kuma riƙa sabunta lasisin duk shekara. Duk diflomar da za ka ɗauko daga waje, in babu wannan lasisin, ba ka da hurumin duba ɗan wasa a matsayin likita a ƙasar nan.

Daga nan sai maganar ƙwarewa, kuma nan ne nake so ka nutsu. Hanyar da ta fi tsayuwa a wurinmu ita ce ka shiga rezidensi, wato horon ƙwarewa a asibiti, a fannin da ke kusa da na wasanni, ƙarƙashin NPMCN, kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko kwalejojin Afirka ta Yamma wato WACS ta masu tiyata da WACP ta likitocin da ba na tiyata ba. In hannunka na son wuƙa ka bi tiyatar ƙashi, kana da asibitin koyarwa na ABU a Shika, kana da asibitin ƙashi na Dala a Kano, can za ka ga karaya da gocewar ƙashi da tsinkewar jijiyar gwiwa har ka ƙoshi. Amma ni a ganina mutane na raina fannin likitan iyali, alhali mafi yawan abin da ɗan wasa zai kawo maka ba na tiyata ba ne, zazzaɓin cizon sauro ne ana gobe wasa, asma ce da ta tashi lokacin hunturu, targaɗe ne, ciwon ciki ne a kan hanyar zuwa wasan waje, ko ɗan wasa mai azumi da koci ke so ya yi atisaye da la'asar cikin zafin watan Afrilu. Wanda ya yi fannin iyali ya fi sakewa da irin waɗannan. Kowanne ka zaɓa akwai jarrabawar firamare, sai kashi na 1 da na 2, shekaru ne masu yawa, ka shirya musu.

Toh sai kwasa-kwasan wasanni zalla, waɗanda za ka ɗora a kai. FIFA ta fitar da difloma a likitancin ƙwallon ƙafa, a intanet kuma kyauta, darussa sama da 40, data kawai ake saya. Ka duba, in tana buɗe ka fara da ita yau ɗin nan ko kana bautar ƙasa ne. Kwamitin Olamfik na duniya, IOC, shi ma yana da difloma ta shekara 2 daga nesa, ta fi zurfi amma da kuɗin waje ake biya, ka duba aljihunka tukuna. Mai son digiri na biyu kuma ya leƙa Afirka ta Kudu, jami'o'in Cape Town da Pretoria sun daɗe a harkar. A Birtaniya fannin ya zama ƙwarewa mai cin gashin kanta tun 2005, suna da FSEM, cibiyar ƙwararrun likitocin wasanni. Abin da zan roƙe ka kawai, kada ka gama kwas ɗin intanet ka buga kati ka rubuta kwansoltan, wato ƙwararren likita, difloma ƙarin ilimi ce, ba ta maye gurbin rezidensi.

Ƙungiyoyi kuwa, bayan NMA, ƙungiyar likitocin Najeriya da kowa ya sani, ka nemi NASMED, ita ce ƙungiyar likitancin wasanni ta Najeriya, a duniya kuma akwai FIMS da aka kafa tun 1928. Amfanin shiga shi ne ka san mutane kuma su san ka, don in gasa ta taso wanda aka sani da zuwa taro da fili shi ake kira.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Kafin ka kashe ko sisi a kan wata takarda mai tambarin waje, ka je ka yi horon farfaɗo da zuciya, BLS da ACLS, ka iya danna ƙirji da kyau, ka iya aiki da AED, na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya da lantarki, ba tare da hannu na rawa ba. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu a Lafiya a Maris 2020, Allah ya jiƙan rai. Christian Eriksen ya faɗi a 2021 a Kofenhagen, zuciyarsa ta tsaya, aka danna ƙirji aka sa na'ura nan take, yau ga shi ya dawo yana buga ƙwallo. Don haka duk wasan da aka kira ka, kafin alƙali ya hura usur ka duba da idonka, na'urar na nan? batirinta na da caji? motar asibiti na da mai, direban na kusa, ƙofar da za ta fita ba a kulle take ba? In babu ka faɗa wa masu shirya wasan a fili, kada ka ji kunyar kowa. Haka buguwar kai, yaron da ya yi karo ya ruɗe a fitar da shi, ko koci zai yi fushi ya yi.

Ka kuma san dokar magunguna. WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, na sabunta jerin haramtattun magunguna duk ranar 1 ga Janairu, tana da darussa kyauta a manhajarta ta ADEL. Tramadol ya shiga jerin waɗanda aka hana lokacin gasa tun farkon 2024, kuma ka san yadda yake yawo a hannun matasanmu. In ɗan wasa na da lalurar da dole sai da maganin da aka hana, akwai izini na musamman da ake nema, TUE, kai ne za ka cike masa takardun da wuri.

Sauran kuma fili ne zai koya maka. Ka sami wata akadamiyar yara ko gasar unguwa ka riƙa zuwa ranar Asabar ko ba a biya, ka zauna kusa da fiziyo, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ka ga yadda yake ɗaure idon sawu, su ma suna da hukumarsu MRTB, kada ka shiga aikinsu. Ka ajiye littafi kana rubuta kowane wasa, raunin da ka gani da abin da ka yi, da sa hannun shugaban kulob ɗin, don ranar da za ka nemi gurbin karatu ko aiki da babban kulob za a tambaye ka shaidar aikin fili.