Masu lambu a gida, a yi haƙuri da ruwan farko

Jama'a, kada ruwan farko na Afrilu ko Mayu ya ruɗe mu mu zuba iri. Sau da yawa yakan ɗauke, rana ta ƙone tsiron.

Bazara lokacin gyaran ƙasa ne. A tara kashin awaki ko na kaji a rami, a riƙa yayyafa masa ruwa har ya ruɓe. Don Allah ban da ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa. Zogale da lemo kuwa, a ba su ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma kada ya manne da jikin itacen, saboda gara. Kuɓewa da alayyahu su jira damina ta zauna.