Yadda ake yi wa ƙaramin yaro rigakafin nimoniya da mura mai tsanani

Ƙwayar cutar da likitoci ke kira numokokus tana zaune a hanci da maƙogwaron yara da yawa ba tare da ta nuna kanta ba. Ranar da jiki ya yi rauni sai ta gangara huhu ta zama nimoniya, wato ciwon haƙarƙari, ko ta haura ta zama sanƙarau, ko ta sa kunne ya riƙa zubar da ruwa. Allurar PCV ce ke tare ta. Najeriya da Nijar sun shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum a 2014, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Da farko, ku ƙirga makonni daga ranar haihuwa. Sau 3 ake yin ta: jariri na da mako 6, sai mako 10, sai mako 14. Ta farko tana faɗowa daidai da lokacin fita arba'in, don haka da wuya a manta ta. Ta uku ce ake yawan watsarwa, alhali ita ce ke ƙarfafa kariyar. Ku tafi da katin rigakafi, kuma kada ku bar asibiti sai ma'aikaciyar lafiya ta rubuta ranar dawowa.

Ana ɗura rabin mililita, 0.5 ml, a naman cinya ta gefen waje, ba a ɗuwawu ba, domin kitsen wurin yana rage aikin allurar kuma akwai babbar jijiya a kusa. A wannan zama ake yin Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar, wadda ita ma tana karewa daga wani nau'in nimoniya, da ɗigon shan inna da na gudawa. Haɗa su rana ɗaya ba ya yi wa jariri yawa. Uwa ta rungume shi a cinyarta ta ba shi nono, kukan zai yi sauƙi. Ku ɗan zauna kamar minti 15 kafin ku kama hanya.

Idan ranar ta wuce saboda tafiya ko biki, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, muddin akwai mako 4 tsakanin allura da allura. Ɗan tari ko majina ba dalilin fasawa ba ne. Zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ɗaga.

A daren farko jiki kan yi ɗumi, wurin allurar ya ɗan kumbura. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi. A sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ba da farasitamol na yara gwargwadon yadda ma'aikaciya ta auna. Asfirin ba na yara ba ne. In zazzaɓin ya wuce kwana 2, a koma asibiti.

Allurar infuluwenza, wato murar nan mai kwantarwa da zazzaɓi da ciwon jiki, lissafinta daban. Ba ta cikin jerin na kyauta, sai dai a tambaya a asibitin kuɗi, kuma ba a yi wa wanda bai kai wata 6 ba. A shekarar farko yaron da bai kai shekara 9 ba yana karɓa sau 2 da tazarar mako 4, daga nan sau ɗaya duk shekara, domin ƙwayar tana sauya kama. Kariyar na ɗaukar kamar mako 2 kafin ta kankama. Masu sikila, asma ko ciwon zuciya su ne ya fi kamata iyaye su nema wa. Mai sikila kuma akwai ƙarin allurar numokokus da likita kan ba shi daga shekara 2. A duk inda za a yi, ku tabbata daga firiji aka ciro kwalbar, don zafi da daskarewa duk suna lalata ta.

Ko an cika allurai, yaro na iya kamuwa da wani nau'in. Idan yana tari, ku jira ya natsu, ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Sau 60 ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5: duk wanda ya kai haka a kai shi asibiti a ranar. In ƙasan haƙarƙari na loɓawa ciki yayin shaƙa, ko ya ƙi kama nono, ko da tsakar dare ne a tafi.