Shawara kan cefane a lokacin kullen korona

Jama'a, a lokacin kullen korona na 2020, sa'ad da aka ba mu ranakun Litinin da Alhamis kaɗai a Kano domin cefane, shawarar da na bayar ita ce a fara zuwa kantin magani kafin a shiga kasuwa, musamman masu tsofaffi a gida da ke shan maganin hawan jini ko ciwon suga. A wani mako a lokacin na daɗe a layin shinkafa har rana ta take, ko da na isa kantin, maganin mahaifiyata ya ƙare. Kayan miya kuwa, kauɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa sun fi ɗanye jure ajiya. A sanya takunkumi cikin cunkoso, kuma da an dawo gida a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yara.