Yadda ake haɗa waƙar sinte daga Yamai tare da mawaƙin Jamus, tun daga kiɗa har kilip

Kiɗan sinte, wanda Turawa ke kira synth pop, kiɗa ne da na'ura ke ɗauke da nauyinsa: ganga ta na'ura, bas na na'ura, muryar mawaƙi kaɗai ke numfashi a ciki. Jamusawa sun daɗe da hannu a kansa, tun ƙungiyar Kraftwerk da aka kafa a Düsseldorf a 1970, kuma a farkon shekarun 1980, zamanin sabon salon waƙar da suka kira Neue Deutsche Welle, matasansu suka rungumi rera shi da Jamusanci. Mu ma ba baƙinsa ba ne. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan, na'urar kiɗa ta lantarki, a Yamai tun 1978, aka sake fitar da shi a 2013. Don haka mawaƙin Yamai da ya samu abokin aiki a Berlin ko Hamburg yana da abin da zai kawo. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne lambobin da ba a daidaita ba tun farko, da takardar da aka ji kunyar rubutawa.

Ku fara da takardar. Shafi ɗaya ya isa: sunan kowa yadda yake a katin shaida, wa ya rubuta baituka, wa ya tsara karin waƙa, wa ya mallaki sautin da aka naɗa, da kason kowa, jimilla 100. Idan abokinku mamba ne na GEMA, hukumar da ke karɓar wa marubuta waƙa kuɗinsu a Jamus, to ya riga ya damƙa mata kula da haƙƙin waƙoƙinsa, ba zai iya ce muku "na bar maka" da baki kawai ba. Ku ma ku kai waƙar BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na Nijar, da suna ɗaya da kaso ɗaya da wanda aka rubuta a can. Jamusawa ba sa wasa da wannan fanni: rikicin GEMA da YouTube ya sa an toshe ɗimbin bidiyon waƙa a ƙasar daga 2009 har zuwa 2016. A takardar kuma ku rubuta wanda zai ɗora waƙar a intanet. Mutum ɗaya, kamfanin rarrabawa ɗaya. In kowa ya ɗora tasa, na'urar YouTube mai gane sauti za ta iya kama kilip ɗinku da laifin satar waƙarku.

Sai lambobi huɗu da za a tsayar kafin kowa ya buɗe baki: saurin kiɗa, sautin da waƙar ta zauna a kai, nau'in fayil, da yawan hotuna a daƙiƙa. Irin wannan kiɗa ya fi zama tsakanin bugu 110 zuwa 125 a minti. Ku zaɓi ɗaya, a ce 118, kada a sake taɓa shi. Fayil ya zama WAV, 48 kHz, bit 24, don shi ne ma'aunin bidiyo. Hoto kuma 25 a daƙiƙa, tunda wutar Nijar da ta Jamus duk 50 Hz ce.

Batun sauti yana da tarko. Mu nan da do, re, mi muka saba, su kuwa da haruffa. A tsarin Jamusawa harafin H shi ne si, harafin B kuma si bemol. Wanda ya koyi kiɗa a YouTube da tsarin Ingilishi zai ga an rubuta B ya danna si, sai a ji bas da murya suna faɗa ba a san dalili ba. Ku nemi ya turo fayil ɗin MIDI, wanda ke nuna ainihin sautukan da ya danna, tare da rubutun. La mineur, wanda su ke rubutawa a-Moll, zaɓi ne mai sauƙi, domin karin waƙar Hausa mai sautuka biyar yana zama a cikinsa ba tare da tilas ba.

Ginin kiɗan kansa ba shi da wuya, ko da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ce, ko Ableton, ko Cubase. Babbar ganga a kowane bugu, ƙarama a bugu na 2 da na 4, bas yana tsalle tsakanin sauti da ninkinsa na sama sau biyu a kowane bugu, sannan shimfiɗar sinte mai laushi a baya da ɗan kari mai maimaituwa a sama. Sautukan da kunne ya sani da wannan salo sun fito ne daga na'urori irin su Roland TR-808 ta 1980, da Yamaha DX7 ta 1983, da Juno-106 ta 1984, kuma akwai kwaikwayonsu na kwamfuta, wasu ma kyauta. Ku yanke duk abin da ke ƙasa da 150 Hz daga shimfiɗar, ku sa ta riƙa dusashewa da dB 3 zuwa 4 duk lokacin da babbar ganga ta buga. Ku tuna kuma yawancin masu sauraro a Yamai da Tawa da lasifikar waya za su ji, wadda ba ta fitar da ƙasan bas. Ku ɗan ƙara masa kaushi don ya bayyana. In za a sa gurumi ko kalangu, a ɗaure gurumin daidai da sinte kafin naɗi, kuma makaɗin ya riƙa jin bugun awo a kunne. Gyara shi da kwamfuta daga baya yana cire masa ɗanɗano.

Inda aikin yake da gaske shi ne harshe. Kalmar Hausa kusan kullum da wasali take ƙarewa, Jamusanci kuwa yana tara baƙaƙe uku ko huɗu a jere, kamar a Herbst. Bakin Bahaushe zai so ya cusa wasali a tsakani, gaɓa ɗaya ta koma uku, layin ya fi ƙarfin awon kiɗa. Maganin shi ne ku roƙi marubucin ya ba ku amshi mai gajerun kalmomi masu buɗaɗɗen wasali, ya bar masu nauyin a baitinsa. Ya kuma turo naɗi biyu: ɗaya yana faɗin kalmomin a hankali ba kiɗa, ɗaya yana rerawa. Faransancin da muka yi a lakwal yana taimakawa sosai a nan: ü shi ne u na Faransanci, ö kusan eu ne, r ɗin ma daga maƙogwaro yake. Sauran a riƙe su da ka: w ana faɗinsa v, v yawanci f, z kamar t da s a haɗe, ei kuma ai. D ko g a ƙarshen kalma yana taurara ya koma t ko k. Kada ku rera layin da ba a fassara muku shi kalma bayan kalma ba, don a san inda za a danna murya, kuma a san abin da ake sa ku faɗa a gaban iyaye.

Shi ma Bajamushen in zai taɓa Hausa, sai an kula. Karin waƙa ya bi hawa da saukar kalma, kuma a kiyaye dogon wasali da gajere, in ba haka ba ma'ana ta juye. Akwai kuma abin da kusan kowa ke mantawa: mai haɗa sauti a can bai san ƙ, ts, ɓ da ɗ ba. Zai ji su kamar ƙarar da ta kutso cikin naɗi, ya sa na'ura ta goge, ƙ ta dawo k. Ku rubuta masa minti da daƙiƙar da suke, ku ce a bar su yadda suke. A ɓangaren Jamusanci kuwa s da sch da z suna da kaifi, su ke buƙatar a rage tsakanin 5 zuwa 8 kHz.

Wajen naɗin murya, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a jingina katifa a bayan mawaƙi, baki ya yi nisan santimita 15 zuwa 20 da makirfo, da tacin iska a tsakani. Ƙarfin sauti kada ya wuce -6 dB a inda aka fi ɗaga murya. Dare ya fi, bayan isha'i, lokacin da babura suka ragu. In da janareto ake aiki kuma kuka ji wani gurnani a ƙasan sauti, ku cire cajar kwamfuta ku naɗa da batiri. Ku tura murya tsurarta, ba amo ba gyaran sauti, sannan ku haɗa da kwafi guda mai gyaran da kuke so don ya ji nufinku.

Kowane layin sauti a fitar da shi daban, kuma duka su fara daga daƙiƙar farko ta waƙar, ko da muryar sai a minti na biyu take shigowa. Waƙar minti uku da rabi tana cin kusan MB 60 a kowane layi mai kunne biyu, rabin haka a mai kunne ɗaya. Layi 20 masu kunne biyu sun haura GB 1. Nau'in fayil na FLAC yana rage nauyin sosai ba tare da asarar komai ba. In ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, kada a bi ta saƙon murya, don yana matse sauti. Agogonmu ɗaya da na Jamus a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya.

Kilip kuma kada a fara shi sai an kammala haɗa sauti, an rufe tsawon waƙar. Ƙara ko da amshi ɗaya bayan an ɗauki hoto yana rusa komai. Tunda kowa a garinsa zai ɗauka, ku yarda a kan abubuwa uku: hoto 25 a daƙiƙa da saurin rufe idon kyamara 1/50, launuka biyu da za su mamaye kilip ɗin, da ɓangaren da kowa zai fuskanta. In na Yamai yana duban dama, na Berlin ya dubi hagu, sai a haɗa su kamar suna kallon juna. Wayoyi da yawa a kan 30 suke zuwa. In ba a canza ba, fitilu za su riƙa kyaftawa, baki kuma zai iya saɓa wa murya. Kowa ya ɗaga farar takarda gaban kyamara a farkon ɗauka don a daidaita launi daga baya a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, wadda take da sigar kyauta. A sa waƙar da ƙarfi a wurin, mawaƙi ya rera da gaske har jijiyar wuya ta motsa, don motsa leɓe kawai ana gane shi. In ana son tafiyar hawainiya amma baki ya dace, a ɗauka da 50 a daƙiƙa, a kunna waƙar da ninkin saurinta.

Salon yana son fitilu masu shuɗi da ja-ja, amma shuɗi kaɗai a kan baƙar fata yana mayar da fuska toka-toka. A sa farar fitila mai ɗumi daga gefen gaba, masu launin su zo daga baya su zana kafaɗa da gefen fuska. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, kyamara tana kashe kanta. A ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, a riƙe ta a inuwa. Hazon hunturu yana ba da haske mai taushi da ya dace da bakin kogi, sai dai kada a canza gilashin kyamara a fili. Ku nemi izinin hukuma a rubuce kafin fita, musamman in da jirgi marar matuƙi, kuma ku nisanci gadoji, barikoki da gine-ginen gwamnati. Duk wanda fuskarsa ta fito sosai ya sa hannu a takarda, don abokan aikinku na Jamus za su tambaya. Ku bar sarari a gefen hoto yadda za a iya yanko na tsaye don TikTok.

Sautin ƙarshe ya tsaya wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), ƙololuwarsa -1 dB. Hoton bangon waƙar ya zama fiksel 3000 × 3000. A miƙa wa kamfanin rarrabawa mako 3 zuwa 4 kafin ranar fita, a karɓi lambar ISRC, wato lambar shaidar sautin da aka naɗa, a rubuta ta a takardar nan ta farko, a tabbatar an sa sunayen mawaƙan biyu a matsayin masu waƙar don ta bayyana a shafin kowa. Tun 2015 Juma'a ce ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya. A YouTube ku sa fassarar baituka da Hausa, Faransanci da Jamusanci a fayil daban wanda mai kallo zai kunna da kansa, kada a manna rubutun a jikin hoton.