Darasi na 9: Violet, Manomiyar Saskacewan

Malama ko malam ya fara karanta labarin da ƙarfi sau ɗaya, daga nan kowa ya karanta sakin layi guda. Kada a tsaya kokawa da sunayen Turawa. In harshe ya ƙi, a wuce.

A yammacin ƙasar Kanada akwai wani makeken fili, shimfiɗe iya ganin ido. Babu dutse, itace ma sai an yi da gaske. Daga ciyawa sai sararin sama. Alkama ce babbar nomansu. Sanyin wurin kuwa ya fi ƙarfin hunturun da muka sani, don ruwa kan daskare a bokiti a cikin ɗaki. A tsakiyar wannan fili lardin Saskacewan yake.

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, gwamnatin Kanada tana neman manoma ido rufe. Mutum zai biya dala 10, a yanka masa eka 160, wato kusan hekta 65. Sharaɗin shi ne ya zauna a wurin, ya gina ɗaki, ya nome wani sashe cikin shekara uku. A lura, filin nan yana da masu shi tun asali, kabilu irin su Kiri, waɗanda aka tattara aka killace a 'yan wurare kafin a raba wa baƙi ƙasarsu.

Cikin baƙin akwai Violet. An haife ta a Ingila a 1879, ta yi aikin koyarwa a can. A 1909 ta bi mahaifinta da ɗan'uwanta zuwa gonarsu kusa da ƙauyen Harris. Shekara na zagayowa ta auri wani manomi mai suna John McNaughton, mutumin Niw Zilan. Mace ce 'yar ƙarama, ba tsawo ba jiki.

Ɗakin amarcinta na ƙasa ne. Tun da babu itace, manoman wurin sukan sa garma su yanko fatar ƙasa, da ciyawarta da saiwoyinta, su jera kamar tubali har bango ya tashi. Irin ɗakin nan yana riƙe ɗumi, amma in aka yi ruwan sama, sai ruwa ya ɗauke a waje, ciki kuwa yana ta ɗiga. Matar gida ta yi ta jan gado tana tara kwanoni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matan filin nan sun sani sarai. Abin da ba su da shi shi ne wanda za su faɗa wa, don tsakanin gida da gida tafiya ce mai nisa.

A 1911 Violet ta kwanta ciwo. Sai da aka kai ta birnin Saskatun, kusan kilomita 80 daga gida, aka yi mata tiyata aka cire mahaifa. Ba ta haihu ba har ƙarshen rayuwarta. Ta koma gona jiki ba ƙwari, ga ɗibar ruwa yana jiranta: na sha, na girki, na wanki, kowane bokiti sai an ɗauko shi da hannu, in an gama a sake ɗauka a zubar. A zamanin, mace kan yi naƙuda ba likita ba ungozoma, sai maƙwabciya in an yi sa'a tana kusa. Mata da jarirai da yawa sun tafi ta haka.

Wata da ta haƙura ta ce ƙaddara ce. Violet ta haƙura da nata ciwon, amma ba ta yarda sauran mata su ci gaba da shan irin wannan wuya ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Maza suna da ƙungiyar manoman hatsi, wadda ke fafutukar samun farashi mai kyau da sauƙin kuɗin jirgin ƙasa. Violet ta shiga ƙungiyar, har ta riƙe muƙamin sakatariya. Sakatariya, a kula, ita ce mai riƙe littafi, mai rubuta abin da aka yanke, mai aika wasiƙa. Daga wannan kujera ta fara. A 1913 matan manoma suka yi babban taro a Saskatun. A 1914 suka kafa ɓangaren mata na ƙungiyar, suka zaɓe ta shugaba.

Sun ga cewa 'yan majalisa ba sa sauraron wanda ba ya jefa ƙuri'a, mata kuwa a lokacin ba su da ita. Sai suka haɗa kai da wasu ƙungiyoyin mata, suka bi gida gida da takardar koke ana sa hannu. Ranar 14 ga Maris 1916 matan Saskacewan suka sami 'yancin zaɓe. Ba duka ba dai: matan kabilun asali sai a 1960 aka ba su.

Kukan da ya fi ci mata rai shi ne na magani. Takenta shi ne taimakon likita ya kai ga kowa. Dabarar mai sauƙi ce, kusan irin ta adashi. Maimakon mai ciwo ya nemo kuɗi ranar da ya faɗi, sai mutanen ƙaramar hukuma su tara ta hanyar haraji, su ɗauki likita da albashi, ko ƙananan hukumomi biyu ko uku su haɗa hannu su gina asibiti ɗaya. Daga 1916 majalisar lardin ta yi dokokin da suka ba da damar haka. Likita ya sami tabbacin abincinsa, sai ya zauna a ƙauye bai gudu birni ba.

A 1925 ta zama mai kula da shafin mata a jaridar manoma ta mako mako, The Western Producer. Shekara 25 ta yi a kai. Mata suna rubuto mata daga lunguna, wasu da sunan aro, tana bugawa, wasu su ba su amsa. Nan ta dage kan wata magana da mutane suke gani ƙarama ce: a jawo ruwa har cikin ɗakin girki. Hujjarta ita ce, gonar da ta iya sayen injin noma, ta iya sayen famfo da bututu. Da shekarun 1930 suka zo da fari da fara da guguwar ƙura, alkama ta faɗi warwas, shafin nata ya zama wurin da mata ke sauke damuwarsu.

Allah ya yi mata tsawon rai har ta ga abin da suka shuka ya yi 'ya'ya. A 1947 lardin ya kafa inshorar asibiti ga kowa, mutum ya biya dala 5 a shekara. A 1962 aka ƙara da kuɗin ganin likita, duk da likitoci sun yi yajin aiki na kwana 23 don nuna ƙin amincewa. Daga baya sauran lardunan Kanada suka bi sahu. Violet ta rasu a Saskatun a watan Fabrairu 1968.

A tattauna

Me ya sa matan suka fara neman ƙuri'a, alhali asibiti suke so? A ƙungiyarku wa ke riƙe littafi, kuma in ba ta zo ba, akwai mai iya karanta shi?

Lissafi

An haifi Violet a watan Nuwamba 1879. Shekararta nawa lokacin da ta rasu? A yi hattara, ta rasu kafin watan haihuwarta ya zagayo.

Yanzu mu auna namu ruwan. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. In gida yana shan jarka 4 mai lita 25 kullum, kilo 100 ke nan ake ɗauka a rana. Nawa ne a kwana 30? Nawa ne a kwana 365? Kowa ya sake lissafin da adadin jarkar gidansa. Wanda yake saye wajen mai ruwa ya lissafa da kuɗi.

Rubutu

Ku rabu uku uku. Ku zaɓi matsala guda ɗaya tak a unguwarku: famfon da ya lalace, ko ɗakin shan magani da ba ma'aikaci da dare. Ku rubuta wa mai unguwa ko kansila wasiƙa mai layi shida. A sama kwanan wata, sai gaisuwa. Sai ku faɗi matsalar, da tun yaushe take, da gida nawa ta shafa. Sai abin da kuke roƙo, da abin da ku za ku iya bayarwa. A ƙasa kowa ya rubuta sunansa da hannunsa, ba dangwale ba. Ku kwafi wasiƙar sau biyu, ɗaya ta zauna a littafin ƙungiya, ku zo da ɗayar aji mako mai zuwa.