Yadda Ake Jinyar Zuciya Har Tabonta Ya Yi Ƙwari Bayan Bugun Zuciya

Abu na farko da mara lafiya da masu jinyarsa ya kamata su sani shi ne, zuciya ba ta mayar da tsokar da ta mutu. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da ita, wanda shi ne ciwon da ake kira bugun zuciya, ƙwayoyin tsokar wurin sukan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30. Binciken Cibiyar Karolinska ta Suwidin na 2009 ya nuna cewa ko a jikin matashi, kusan kashi 1 cikin 100 kacal na waɗannan ƙwayoyi ke sabuntuwa a shekara. Saboda haka faci jiki yake yi, aikin jinya kuwa shi ne a ba facin dama ya kama.

A makon farko a lallaɓa sosai. Fararen ƙwayoyin jini ne ke dandazo a wurin suna cinye matattun ƙwayoyi, kuma kafin su gama shara bangon zuciya yakan yi laushi, har ya iya yagewa, musamman tsakanin kwana na 3 da na 7. Kada a ɗaga kaya, kada a yi nishi da ƙarfi a bayi. Kada kuma a aika kemis a sayo ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki, domin suna kawo cikas ga warkewar. A tambayi likita abin da ya dace.

Daga nan ƙwayoyin da ake kira faibroblas suke fara saƙa zaren kolajin, wato zaren da jiki ke yin tabo da shi, ƙananan jijiyoyi suna tsirowa, tabon kuma ba ya yin ƙwari sai bayan mako 6 zuwa 8. A nan ne, a ganina, aka fi yin sakaci, domin mutum ya ji garau ya ajiye magani. Tabo ba ya matsa jini, nauyin duka yana kan tsokar da ta rage, kuma sinadarin anjiyotensin, wanda jiki ke samarwa don matse jijiyoyin jini, yana ingiza faibroblas su zuba kolajin har a lafiyayyen wuri, zuciya ta buɗe ta yi rauni. Magunguna irin su lisinopril da bisoprolol wannan ɓarnar suke tarewa, asfirin kuma yana hana sabon gudan jini. A sha su kullum a kan lokaci, kuma a shawarci likita kafin a ɗauki azumi.

Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da dunƙulen magi da kanwar kunu. Taba da shisha a bar su gaba ɗaya.

Da zarar likita ya ba da izini, a fara tattaki na minti 5 zuwa 10 a tsakar gida, ana ƙarawa sannu a hankali har ya kai minti 30, da saurin da ba zai hana mutum magana ba. Idan ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gagara a kwance, ko ƙafafu suka kumbura, a koma asibiti nan take.