Riƙon kuɗin ofis a lokacin tsuke bakin aljihu: yadda za ka rage kashewa ba tare da tsohuwar doka ta tashi a kanka ba

Shekara 11 na yi ina riƙe da impires a wani ƙaramin reshe na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Arewa, wato kuɗin hannu da ake ba ofis don ƙananan buƙatu: takarda, tawadar firinta, man janareto, gyaran famfo, kuɗin motar masinja. Jami'in mulki ne ni, ban karanci aikin akanta ba, amma duk wanda ƙwan fitilar ofishinsa ya mutu ƙofata yake ƙwanƙwasawa. Na rubuta wannan ne saboda ƙanena ko ƙanwata da aka ɗora wa irin wannan nauyi a yanzu.

Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Man gas kuwa tun 2022 ya riga ya ninka. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Kuɗin gudanarwar da ake turo mana bai motsa ba, wani lokacin ma sai wata biyu ko uku ya wuce shiru. A irin wannan yanayi na lura abu biyu ke zuwa ofis tare: sakula, wato takardar umarni daga sama, mai cewa a rage kashe kuɗi, da tsofaffin dokoki da suka shekara da shekaru suna barci a cikin kabad. Kuma in dokar ta farka, ba kan kowa take sauka ba. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu take nema, ko wanda ya faɗi abin da oga bai so ji ba. Saboda haka aikinka biyu ne, ka rage kashewa, ka kuma rufe duk wata ƙofa da za a biyo maka ta nan gobe.

Ka fara da sayen littafi mai bango mai ƙarfi, ka rubuta duk sisin da ya fita na tsawon wata uku, da rana da dalili da sunan wanda ya karɓa. Kafin na yi haka da an tambaye ni, da na rantse takarda da tawada ke cinye mana kuɗi. Da na tara lissafin sai na ga janareto shi kaɗai ya lashe fiye da rabi, motar ofis ta biyo baya. Sakular da aka aiko mana kuwa shayin taro da jarida ta hana. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Mun bi sakular, don umarni ne, amma inda kuɗin yake can muka sa hannu.

Muka tsayar da lokacin tada inji, daga ƙarfe goma zuwa biyu, duk mai aikin kwamfuta ko buga takarda ya tara abinsa zuwa lokacin. Muka haɗa mutanen ɗaki biyar a ɗaki biyu masu iska. Na ajiye wani littafin a ɗakin janareto, mai kula da shi yana rubuta lokacin da ya tayar da lokacin da ya kashe, ni kuma duk safiyar Litinin ina zura sanda a tanki in auna da kaina a gabansa. Ba zarginsa nake yi ba, na kuma gaya masa haka tun ranar farko. Littafin ma shi ya wanke shi daga baya da aka fara ƙus-ƙus cewa mai yana ɓata. Direba ma ya koma rubuta lambar mita in zai fita da in ya dawo. Masinja ya daina zuwa sakatariya kullum, ya koma Talata da Alhamis.

Abin da nake roƙonka kada ka taɓa shi ne ɗan abin da ake ba masu shara da masu gadi na wucin gadi. Su ake fara yankewa, don ba su da ƙungiya, ba su da fayil. Har yau ina tuna Baba mai gadinmu, tsaye a bakin ƙofata da hularsa a hannu, yana cewa, "Yallaɓai, wannan watan ma shiru?" Abin da ake binsa bai kai man da inji ke sha a kwana uku ba. Tun daga nan, duk ranar da kuɗi suka shigo, nasu nake fara warewa kafin in saurari kowa.

Sai maganar rasit. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rasit ɗin gidan mai da na POS, irin siririyar takardar nan mai sheƙi, rubutunsa gogewa yake yi, bayan 'yan watanni sai ka ɗauko farar takarda. Ka yi masa fotokwafi ranar da ka karɓa, ka maƙala su tare. Mai gyaran famfo ko kafinta da ba shi da rasit, ka rubuta takarda da aikin da ya yi da abin da ya karɓa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, wanda aka yi gyaran a ofishinsa ya shaida. Duk kayan da ka sayo, ko rim ɗaya ne na takarda, ya bi ta sito a shigar da shi, a ba ka takardar shigarwa, sannan a fitar. Dokokin kuɗi na gwamnatin tarayya sun ce a kawo bayanin impires, abin da muke kira ritaya, kafin shekara ta rufe ranar 31 ga Disamba, in ba haka ba a cire daga albashin wanda ya sa hannu ya karɓa. Kai ne wannan mutumin, ba oganka ba. Ni duk ƙarshen wata nake rufe nawa.

Inda na ƙone, kuma inda nake so ka fi natsuwa, shi ne umarnin baki. Wata rana ana jiran baƙi daga hedikwata, mai ya ƙare, kuɗin da ya rage na kayan rubutu ne. Shugaban reshenmu ya kira ni ya ce in ɗauka in sayo man gas, za a gyara takardu daga baya. Na ce to, na sayo, baƙi suka zo suka sha sanyi suka tafi. Bayan kusan shekara biyu, an canja masa wurin aiki, masu odit, wato masu binciken kuɗi, suka zo suka buɗe littafi. Tambaya ɗaya suka yi mini: wa ya ba ka izinin ɗaukar kuɗin wannan layi ka kashe a wancan? Na ce oga ne. Suka ce ina takarda? Na buga masa waya, ya ce wallahi ba zai iya tunawa ba, kuma na yarda da shi, mutum ne mai jama'a da yawa a kansa. Kuɗin a albashina aka cire, kaɗan-kaɗan har wata huɗu, ana gab da biyan kuɗin makarantar yara. Sai a lokacin na san cewa dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta shekarar 2000 ta ɗauki kashe kuɗin da aka ware wa wani aiki a kan wani daban a matsayin laifi, da hukuncin ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 50,000. A ofisoshinmu kusan kowa na yin haka in an matsu, kuma shekara da shekaru ba a cewa uffan. Ranar da aka so magana, ga doka nan a rubuce.

To ya za ka yi, tunda ba za ka ce wa oganka a'a ba? Ka ce to, ka koma teburinka, ka rubuta layi uku a fayil: bisa umarnin da aka ba ni yau, ga abin da za a saya, ga kuɗinsa, ga layin da za a ɗauko, ina neman amincewa. Ka kai masa da hannunka, kada ka ba masinja. Yadda za ka faɗa shi ne rabin aikin. Ni cewa nake yi, "Ranka ya daɗe, don masu odit ne, kada gobe su zo su dame ka." Mafi yawansu nan take suke sa hannu. Wanda ya karanta ya ture fayil ɗin ya ce a bari tukuna, ya gaya maka abin da kake buƙatar sani, sai ka bar kuɗin inda suke. In yana kan hanya ne, ka tura masa saƙon waya, ka ajiye amsar, ya sa hannu in ya dawo.

Haka nan in aka ce ka raba sayayya ɗaya gida uku don kowane kaso ya zauna ƙarƙashin abin da oga ke da ikon amincewa, kada ka yi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ambaci wannan a cikin laifuka, kuma shi ne abu mafi sauƙin ganowa: rasit uku, shago ɗaya, mako ɗaya.

Yanzu dokokin da ba na kuɗi ba. Ka nemi littafin dokokin aikin gwamnati, wanda aka sabunta aka fitar a 2023, ka karanta babin ladabtarwa daga farko har ƙarshe, kamar kana neman sunanka a ciki. Za ka tarar da yawan makara, da barci a bakin aiki, da talla a harabar ofis, har da shiga ƙangin bashi. Tsarin Mulkin 1999 kuma, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma, ya kuma wajabta cike fom na bayyana kadarori duk bayan shekara huɗu. Ka duba ofishinku: nawa ne ba su da shagon POS, ko kemis, ko Keke Napep a kan titi? Albashi ba ya kai wata, kowa ya sani.

Akwai wata baiwar Allah mai buga takardu a wurinmu, bazawara da 'ya'ya huɗu. Atamfa da turaren wuta take kawowa a jakar Bakko, tana ajiyewa ƙarƙashin teburinta, ana ɗauka bashi a biya ƙarshen wata. Babu wanda bai taɓa saye ba, har manyan. A wani taron ma'aikata ta miƙe ta tambaya, cikin ladabi, me ya sa aka tsayar da alawus ɗin ƙananan ma'aikata alhali tafiye-tafiyen manya ba su ragu ba. Kwana tara bayan haka aka miƙa mata takardar tuhuma kan talla a ofis. Ta shigo wurina hannunta na rawa, ta ce, "Malam, shekara nawa ina wannan abin, yau ne ya zama laifi?" Ban iya ce mata komai ba, don a takarda laifin ne, a zuciyata kuma na san ba atamfa ake hukuntawa ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Darasin da na ɗauka ba wai a yi shiru ba ne. Tambayar da ta yi gaskiya ce, kuma ya kamata a yi ta. Amma kafin ka buɗe baki kan kuɗi, ka share gabanka. Jakar kaya ta koma gida, a yi cinikin bayan an tashi. Shago ya zama mai ɗakinka ko ƙaninka ke gudanar da shi da gaske, ba a suna kawai ba. Ka sa hannu a rajistar zuwa aiki da lokacin gaskiya. Ka cike fom ɗin kadarori ka ajiye takardar shaidar karɓa. Kada ka ce ai wannan dokar ta mutu. Ƙa'idar wa'adin shekara 8 ga daraktoci an kawo ta a 2009 zamanin 'Yar'aduwa, aka dakatar a 2016, aka dawo da ita a 2023, mutane suka tattara kayansu. Fom ɗin kadarori kuwa shi aka riƙe aka gurfanar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a farkon 2019, sai a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, bayan kujerar ta daɗe da tafiya.

In takardar tuhuma ta riga ta iso, ka sa hannu ka karɓa, ka rubuta rana da lokaci. Ka amsa cikin wa'adin da aka rubuta, ko awa 24 ne, don ƙin amsawa wani laifin ne na daban. Ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, a taƙaice, ka maƙala shaida. Kada ka rubuta cewa ai wane da wane ma suna yi. Ba zai wanke ka ba, zai dai tara maka abokan gaba. Maganar cewa an ware ka ne kai kaɗai, ka kai ta ga wakilin ƙungiyarku, shi ke da bakin faɗinta. Haka muka yi wa baiwar Allahn nan: ta amsa a layi biyar, ta ce ta daina, ƙungiya ta shiga, abin ya tsaya a gargaɗi. Amma takardar tana cikin fayil ɗinta.

Wata rana kai ma za ka zama mai sa hannu. In ka ga lallai sai an tayar da wata doka da aka daɗe da sakewa, ka tara kowa ka faɗa, ka rubuta ka liƙa a allo, ka sa ranar da za ta fara aiki, ka yafe abin da ya wuce kafin ranar. Rajistar makara ta fara da sunanka. In za a rage alawus, a nuna wa mutane lissafin, su ga abin da aka rage a naka.

Ranar da aka canja maka wurin aiki, kada ka miƙa makulli a tsaye. Ku zauna da wanda zai gaje ka da mutum ɗaya daga ofishin akanta, a ƙirga abin da ke cikin akwati, a auna man da ke tanki, a rubuta basussukan da ake bin ofis ɗaya bayan ɗaya, har kuɗin mai gyaran famfo da na Baba mai gadi. Ku uku ku sa hannu a kwafi uku. Ka tafi da naka, tare da kwafin rasit da amincewar da aka rubuto da sunanka, ka bar fayilolin sirri inda suke. Nawa suna cikin wata jakar leda a saman kabad ɗin ɗakina, kuma sau biyu aka kira ni daga tsohon ofishin na sauko da ita.